Dariyar Da Ba Ta Buƙatar Tafinta

A 'yan watannin nan, da wuya yamma ta yi a Unguwar Sarki ba mu ci karo da matasa suna ɗaukar gajeren fim na barkwanci da waya ba. Muna yaba ƙoƙarinsu, domin ba su jira kowa ya ba su jari ba. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: da yawa daga cikin abin da ake ɗorawa a TikTok zagi ne, da kwaikwayon mai in'ina, da yi wa Hausar wata ƙabila dariya.

Tun kafin fim ya fara magana ake sa mutane dariya. A fim ɗin The Kid na 1921, Charlie Chaplin ya fito a matsayin talaka mai gyaran taga. Yaronsa zai jefi gilashi ya gudu, shi kuma ya ɓullo kamar an aiko shi, har ɗan sanda ya gano su. Ba a zagi kowa ba, amma ka ga yunwa, ka ga dabarar talaka, ka kuma dara.

Mu ma muna da gadon. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a 2014, tafiyarsa da zare idonsa kaɗai kan sa a tuntsire kafin ya buɗe baki. A nan Kaduna, Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, sun nuna cewa tsayuwa da kallo ma magana ce.

Za a ce Bahaushe da baki yake raha, kuma haka ne. Ba mu ce a daina magana ba. Amma Kaduna gari ne mai harsuna da yawa, wanda rikici ya raba mazaunansa tsakanin ƙetaren kogi biyu. Wasan da aka gina a kan motsin jiki, ɗan Kawo da ɗan Sabon Tasha za su kalla tare. Wanda aka gina a kan gori kuwa, wani zai dara, wani ya ƙullata.

Ga gwaji ga masu shirya camama: ku kashe sautin bidiyonku, ku nuna wa ƙannenku. Idan ba su yi dariya ba, da sauran aiki. Allah Ya sa mu dace.