Layi ɗaya, amsa biyu: ku daina cusa komai wuri guda

Makon jiya wani ƙanina da ke karatun kwamfuta a nan Greensboro ya zo min rai a ɓace. Aikin da ya miƙa ya faɗi gwaji, alhali a MacBook ɗinsa lafiya lau yake tafiya. Matsalar layi ɗaya ce ta C++: ragi(karanta(), karanta()). Ka ba shi 10 da 3, a Mac ya fito da 7, a na'urar Linux da ake duba aikin kuwa -7.

"Yaya, kwamfutarsu ce ta lalace," in ji shi. A'a, ƙanina. Kowace karanta() tana cinye lamba ɗaya, kuma ƙa'idar C++ ba ta fayyace wacce za a fara kira ba. Clang na Mac ya kan fara daga hagu, GCC a kan x86 sau da yawa daga dama yake farawa. Dukansu suna kan daidai.

Kada ma ka ji kunya. Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya sa wani misali a bugu na huɗu na littafinsa na 2013, inda ya jera replace sau uku da find a cikinsu. Masana sun duba, ba su ga komai ba. Daga baya aka gano find na iya gudana kafin replace na farko ya canza rubutun, sai amsa ta karkace. Gabriel Dos Reis da Herb Sutter da Jonathan Caves suka kawo takardar P0145, aka gyara a C++17: jerin kira irin wannan, da cout << a << b, yanzu daga hagu suke tafiya.

Amma abin da masu cewa "ai C++17 ta gama magana" ke mantawa shi ne, abubuwan da ka zuba cikin baka na kira ɗaya har yau ba su da tsayayyen jeri. Layin ƙanina yana nan da ciwonsa.

Ni dai ra'ayina, dogon layi mai canza abu a tsakiyarsa burga ce kawai. Na san masu Java za su ce su hagu zuwa dama suke tun asali. Haka ne, amma mai gyara shirinka da ƙarfe biyu na dare ba ya son wasan ƙwaƙwalwa.

Mun raba shi uku: int a = karanta(); int b = karanta(); ragi(a, b). Muka gwada da GCC da Clang, 7 ko'ina. Ya sake miƙawa, an rage masa maki na latti.