Ka Tashi, Wasiƙarka Ba Ta Tashi Ba

Mai karatu, a ƙasarmu wasiƙa akwatin gidan waya ta sani, ba ta san mutum ba. Ni kaina takardar kiran intabiyu ta taɓa iske ni bayan ranar ta wuce, don kuwa na ƙaura ban sanar da kowa ba. Aikin nan sai wani ya samu.

Saboda haka kafin ka ɗaure kaya, rubuta wa shugaban gidan wayarku sabon adireshinka, ka sanar da bankinka. Kada ka saki tsohon akwatin nan da nan, bar mabuɗinsa hannun amintacce. Wasiƙar rajista kuwa, in ta daɗe ba a karɓa ba, wurin wanda ya aiko ta take komawa.