Kafin ku ɗaure kaya zuwa Ingila da yaro mai buƙata ta musamman

Iyaye kan tsaya a tagar ɗakin magani su ce mini, "Ai da zarar mun isa Ingila, matsalar yaron nan ta ƙare." Na san irin wahalar da ta haifi wannan fata. Taimakon kuwa yana can, sai dai ba ya tarbar kowa a filin jirgi.

A Ingila, yaro mai galahanga ko tsananin jinkirin koyo yana samun cikakken tallafin makaranta ne ta hanyar takardar da ake kira EHCP, ƙarƙashin wata doka ta 2014. Ƙaramar hukumar garin da kuka sauka ce ke bayar da ita, doka kuma ta ba ta makonni 20 daga ranar da aka nema, ko da yake a aikace akan wuce haka. Abin da zai tsaya muku a wannan jira shi ne takardu: rahoton likitan yara, sakamakon gwaje-gwaje, da bayanin malamansa kan abin da ya iya da inda yake tuntuɓe. Kada kunya ta sa ku ɓoye lalurar. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa.

Batun magani ya fi tayar mini da hankali, wataƙila don shi ne sana'ata. Ritalin da Concerta, da ake ba yara masu rashin natsuwa, da fenobabiton na farfaɗiya, duk suna cikin magungunan da dokar ƙasar ta sa wa ido. An yarda baƙo ya shiga da na wata 3, da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan yaron, sunan maganin, ƙarfinsa da yawansa. Ku nemi a rubuta sunan sinadarin, domin sunan kamfani kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku bar kowane magani a kwalinsa na asali, cikin jakar hannu.

Maganin farfaɗiya ba a yanke shi kwatsam, ko na kwana biyu ne. Ciwon na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Don haka ku yi wa yaron rajista da likitan unguwa a makon farko, kyauta ne, tun kwalaben suna cike.