Tallafin Kuɗi A Lokacin Yunwa: A Auna Shi Da Mudu

A watan Disambar 2024, mutane da dama sun rasa rayukansu a turmutsutsun rabon kayan tallafi a Ibadan da Okija da unguwar Maitama a nan Abuja. Wannan kaɗai ya isa hujja ga masu cewa a daina tara mayunwata a fili ana miƙa musu buhuna, a tura musu kuɗi kai tsaye. Jaridar nan tana tare da su. Kuɗi ba ya buƙatar tirela ko sito, ba ya ruɓewa a hanya, kuma uwargida ta fi kowane kwamiti sanin ko gero gidanta ke nema ko maganin yaro.

Sai dai darajar tallafi tana ga abin da zai iya saya. A watan Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin biyan gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Zuwa tsakiyar 2024, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Adadin yana nan yadda yake a takarda, amma mudun da yake sayowa ya ragu. Ga kuma jinkiri: a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen tallafi, talakan da bai ci nanin ba ya kwana da yunwa.

Haka nan, kuɗi yana amfani ne inda kasuwa ke ci. A ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa, hatsi ba ya shiga, ƙarin kuɗi a hannu sai dai ya ƙara wa ɗan abin da ya rage tsada. Irin wannan wuri hatsi ya kamata a kai masa.

Don haka muna kira ga ma'aikata da mataimakan da ke tsara takardun waɗannan shirye-shirye: a ɗaura adadin tallafi da farashin abinci a kasuwar kowace jiha. A biya kafin tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke ƙarewa. A buga yawan gidajen da aka biya a kowace ƙaramar hukuma, kuma a tanadi hanyar da marar lambar NIN ko asusun banki zai bi kafin damina ta faɗi.