Zinariya a Ƙasarmu, Makunni a Hannun Wasu

A watan Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfanonin waya umarnin katse sadarwa a Zamfara baki ɗaya, wai don a toshe wa ’yan bindiga kafa. Mutanen Zurmi da Shinkafi suka wayi gari ba kira, ba tura kuɗi, ba jin labarin ɗan’uwa. Takarda guda daga Abuja ta jawo mana wannan. To ita kanta Abujar, makunninta a hannun wa yake?

Duk ƙwaƙwalwar da ke tuƙa wayoyinmu, da na’urorin POS, da kwamfutocin bankuna da na sojoji, babu ko ɗaya da aka ƙera a Najeriya. Ran da masu ita suka ga dama, sai su hana. Sun yi wa Rasha a 2022: kamfanin TSMC na Taiwan ya daina buga mata ƙwaƙwalen Baikal da Elbrus. Amurka ta yi wa kamfanin Huawei na China tun 2019, amma da yake China ta daɗe da tanadin masananta, a 2023 sai ga sabuwar waya da ƙwaƙwalwar gida. Kayan aro ba ya rufe katara!

Shugabanninmu kuwa sai taro a otal, ana ta kirarin “tattalin arzikin zamani”, a haɗa kayan China a manna tutar ƙasa a ce namu ne. Haba jama’a! A jihar da ake kwashe zinariya, har gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, wane ɗakin gwaji aka gina da ribar?

Kada a fake da cewa masana’antar ƙwaƙwalwar na cin biliyoyin daloli. Zana ƙwaƙwalwa daban, buga ta daban. Tsarin zanen ƙwaƙwalwa na RISC-V kyauta yake ga kowa, kuma a kansa malamai da ɗalibai a Madras ta Indiya suka zana tasu mai suna Shakti. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙauran Namoda tun 1983. Me zai hana a ba ta wuta tsayayya, da kwamfutoci, da malaman wannan fanni?

Amma injiniya daga firamare yake farawa, ga yaran ƙauyukan Zurmi suna gudun hijira maimakon zaman aji. Sanatocinmu da ’yan majalisa, ku daina raba mana babura. Ku kare makarantu, ku sa kuɗin ɗakin gwajin Ƙaura a kasafin baɗi, mu gani a rubuce.