Hazbiya ba palumbes ba ce

Ɗalibin da ya ga Columba palumbus a littafin Faransanci yakan rubuta hazbiya, ya wuce abinsa. Kuskure ne, kuma akwai darasi a cikinsa.

Romawa sun raba wannan dangi gida uku. Columba ita ce tattabarar gida, palumbes ta daji ce mai kwana a bishiyoyi, turtur kuwa kurciya ce da ta samo sunanta daga kukanta. A shekarar 1758 Linnaeus ya mai da columba sunan zuriya, ya kira ta dajin Turai Columba palumbus. Wannan tsuntsuwa ba ta sauka a kwarin Komadugu. Hazbiyarmu mai jan zobe a ido ita ce Columba guinea.

Abin lura shi ne makomar kalmomin. A Sifaniyanci palumba ta zama paloma, ta haɗiye ta gida da ta daji. A Faransanci pigeon, wadda asalinta pipio ne, wato ɗan tsako mai tsuwa, ta mamaye fagen, palombe ta maƙale a kudu maso yammacin ƙasar. Bambancin da aka daina furtawa yakan mutu.

Ina tsoron hanyar da muka kama ke nan. A garin Difa na sha jin yara suna kiran hazbiya tattabara, suna kiran bardo kurciya. Waɗanda suka san bambancin su ne manoman tattasai da masunta, kuma tun hare-haren 2015 da yawansu sun bar bakin kogi. Suna ba ya daɗewa nesa da inda ake ganin mai shi.

Wani zai ce wannan aikin masana halittu ne. Su za su tantance tsuntsun, amma ba su za su rubuta karin sauti da tsawon wasali ba, balle su nuna yadda Barebari da Fulani suka raba dangin a harsunansu. Wannan namu ne.

Shawarata ita ce mu haɗa kai da ɗaliban Jami'ar Difa, mu zauna da dattawan nan, mu ɗauki muryoyinsu, mu ajiye kowane suna kusa da na Latin. Latin ta samu marubutan da suka adana mata palumbes. Bardo da hazbiya mu suke jira.