Wa Ya Faɗa? Tambayar Da Jami'a Ta Ƙi Koyarwa

Idan ɗalibin jami'a ya dawo hutu Dawce, a yankin Matamaye, dattawa kan miƙa masa waya su ce: "Kai da ka yi boko, wannan maganar gaskiya ce?" Sau da yawa sai ya saurari muryar da aka turo ta WhatsApp, ya gyaɗa kai, ya kuma tura wa wasu. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Babban kaso yana wuyan tsarin da ya horar da shi a kan shifta da hadda da kwafe takardun malami, bai taɓa tilasta masa tambayar asalin magana ba.

Ƙasar nan ta fi kowace cancantar ɗaukar darasi, domin da sunanta aka shirga wa duniya ƙarya. A shekarar 2002 wasu takardu suka ɓulla a birnin Rum na Italiya, suna cewa Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoban 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson, wanda aka aiko Yamai a Fabrairun 2002, ya koma da rahoton cewa cinikin da wuya ya yiwu. Duk da haka, a Janairun 2003 shugaba Bush ya yi wa majalisarsa zancen yuraniyom ɗin Afirka. Ranar 7 ga Maris, Muhammad El-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ma'aikatansa sun gano haka ne ta hanyar duba abubuwa irin su sunaye da ranaku. Ranar 20 ga watan aka auka wa Iraƙi da yaƙi.

Abin da ya tona asirin maƙeran nan aikin ɗalibin shekarar farko ne, in an koya masa: wa ya rubuta, yaushe, da wace manufa, wace majiya ta dabam ta gaskata shi?

Masu cewa wannan tarbiyyar Turawa ce su tuna malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadi mutum-mutum. Su tuna André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa: littafinsa na 1971 a kan masarautar Damagaram ya gina shi ne ta gwama bakin dattawa da takardun Faransawa. Rataya sunan masani a ƙofa abu ne mai sauƙi. Gadon hanyarsa shi ne aiki.

Masu kukan rashin kuɗi kuwa, tantance takarda ba ta bukatar sabon gini. Tana bukatar malami mai duba kundin kammala karatu shafi-shafi, wanda zai kā da mai satar rubutu ko ɗan wane ne. Sai dai wasu masu mulki, na farar hula da na kaki, sun fi son matashi mai tafi a kan mai tambaya.

Wajibi ne ma'aikatar ilimi mai zurfi ta mai da darasin bincike da tantance majiya tilas tun shekarar farko, a kowace tsangaya. In ba haka ba, dattijon Dawce zai ci gaba da neman haske a hannun mai fitila ba mai.